Farantin ture dusar ƙanƙara a gaban ƙaramar tarakta: zai iya da yashin Tawa? Tambayoyi da amsoshi

Tsofaffin taraktoci da ake kawowa daga Turai sukan zo da abin da mai saye bai yi oda ba. A buɗe kwantena, a tarar da wani faranti na ƙarfe mai lanƙwasa, da fenti ruwan lemo, an jingina shi a gefe. Makanikai lam suke ce masa. A Faransa, Jamus ko Kanada aikinsa share dusar ƙanƙara daga kan hanya. Mu a Tawa da Yamai abin da ke rufe mana ƙofar gida da hanyar garka yashi ne, na iska a rani, na ruwa a damina. Ga tambayoyin da masu garake, masu buga bulo da ƙananan ƴan kwangila suka fi yi game da zaɓen farantin da ɗaura shi.

Malam, farantin da aka ƙera don dusar ƙanƙara zai yi aikin yashi kuwa?

Zai yi, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin daga nauyi ya fito. Dusar ƙanƙara sabuwar zuba, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta wajen kilo 100 ne, in ta jiƙe ta danne ta kai 400 ko 500. Busasshen yashi mai wannan yawa ya kai kilo 1,500 zuwa 1,600, jiƙaƙƙe kuwa yana kusantar tan 2. Faranti mai faɗin mita ɗaya da rabi, in ya cika, yana tara kusan rubu'in wannan ma'auni a gabansa. A Kanada, in dusar sabuwar zuba ce, abin da yake turawa bai fi nauyin buhun siminti ɗaya ba. A Tawa ya zama buhu takwas, kuma buhu takwas ɗin a kan ƙasa ake jan su, suna cizon ƙasa suna turjewa.

Wanda ya ƙera farantin ya san da kaya marar nauyi zai yi hulɗa, shi ya sa ya yi shi da tsayi, da faɗi, da siririn ƙarfe, sau da yawa milimita 3 ko ƙasa da haka. Na tura ƙasa gajere ne, kaurinsa ya ninka wannan, haƙarƙarin da ke bayansa ma sun fi yawa. Saboda haka na dusar ƙanƙara ya dace da kwashe yashin da iska ko ruwa ya shimfiɗa a kan ƙasa mai tauri, da baje tsakuwa ko taki da aka riga aka zube, da maida ƙasa cikin ramin da aka haƙa. Bai dace da yanka ƙasar da ba a taɓa ba, ko fasa marmara, ko tumɓuke kututture. Wanda ya sa shi wannan aiki ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Wane faɗi zan nema?

Ɗauki awo ka auna taraktar daga wajen tayar baya ta hagu zuwa wajen ta dama. Farantin ya kamata ya rufe wannan faɗi ko da an karkata shi, in ba haka ba tayarka za ta riƙa hawa kan yashin da ba a kwashe ba, taraktar ta riƙa tafiya a gicce.

Karkatawa tana cin faɗi. A digiri 30, wanda shi ne iyakar yawancinsu, faranti mai mita 1.5 yana share mita 1.3 ne kawai, mai mita 1.8 kuma ya share wajen mita 1.56. To tarakta mai faɗin mita 1.25, mai mita 1.5 ya ishe ta.

A nan ne muke rabuwa da shawarar Turawa. Su sukan ce ka ƙara faɗi don aiki ya yi sauri. A yashi, mafi ƙanƙantar farantin da ya rufe sawun taya shi ne naka. Duk taƙin da ka ƙara, kaya ka ƙara wa injin da ƙarafunan gaba.

Taraktata mai ƙarfin doki 25 ce. Ta isa?

Tambayi nauyinta kafin dokinta. Ƙaramar tarakta ba ta cika mutuwa a gaban tarin yashi ba, taya ce ke juyawa a banza tana haƙa wa kanta rami. A ƙasa mai tauri tarakta tana iya tura abin da ya kai kusan rabin nauyinta, a kan rairayi mai laushi kuwa abin ya ragu ƙwarai. Ƴan ƙanana irin Kubota BX, da ba su kai tan ɗaya ba, na tsakar gida ne da harabar makaranta. Masu nauyin tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi, irin Kubota L ko John Deere jerin 3, su ne suka fara zama na aiki. Tsofaffin Yanmar da Iseki na Japan suna da ƙwari, sai dai da yawansu don gonar shinkafa aka yi su, ba su da nauyi.

In ba ta ja da taya huɗu, kada ka wahalar da kanka da farantin gaba. Nemi na baya.

A ina ake ɗaure shi?

Hanya uku ce, kuma ba daidai suke ba.

Wadda ta fi ita ce mazauni na musamman da ake ɗaurewa a jikin shasi, ya bi ta ƙarƙashin injin. Farantin yana zama kusa da tayoyin gaba, ƙarfin turi yana shiga gangar jikin taraktar kai tsaye. Matsalarta guda ce: kowane kamfani, kai, kowane samfuri da nasa. Mazaunin da aka yi wa Kubota B ba zai hau John Deere ba, kuma masu loda kwantena a Turai sukan aiko da farantin su bar mazaunin a jikin taraktar da aka cire shi. In ana nuna maka hoto ta WhatsApp kafin ka biya, ce a ɗauko maka bayan farantin, ka ga da me yake kamawa.

Ta biyu, maƙala mai hannu uku a gaba, irin wadda kowa ya sani a bayan tarakta. Taraktocin ma'aikatun gari na Turai da yawa suna da ita. Ƙananan taraktoci aji na 1 suke ɗauka, fil ɗin ƙasa milimita 22, na sama 19. In farantin aji na 2 ne, mai fil 28 da 25, ya fi ƙarfin taraktarka tun daga nauyinsa. Wasu na Jamus suna zuwa da wani ƙarfe mai kusurwa uku da ake zurawa a irinsa, shi ma sai ka sami abokin haɗinsa.

Ta uku, a cire bokitin loda, wato na ɗibar kaya da ke gaban tarakta, a maƙala farantin a hannuwanta. Ita ta fi sauƙi, kuma ita ta fi cutar da mutane. Farantin yana yin nisa da taraktar, ya fi mita ɗaya gaban taya. Da ka karkata shi, yashin ya riƙa tura shi gefe, hancin taraktar ya bi, kana juya sitiyari tana tafiya inda ta ga dama. Hannuwan loda don ɗagawa aka yi su, ba don a murɗe su ba. In gefe ɗaya na farantin ya daki dutse, hannu ɗaya ya lanƙwashe, daga ranar bokitinka ba zai ƙara zama daidai a ƙasa ba. In dole sai ta wannan hanya, tura a miƙe, kuma ka tabbata maƙalar iri ɗaya ce, don akwai ta Turai da ake kira Euro, akwai ta Amurka, John Deere kuma yana da tasa.

Ba ni da mazaunin. Mai walda zai iya ƙera mini?

Zai iya. Masu walda na Katako a Yamai da na cikin garin Tawa suna ƙera abin da ya fi wannan wuya. Amma ka tsaya a kansa, don abin da hannu ya saba da shi wajen ƙofa da amalanke ba shi ake so a nan ba.

Kada a yi walda a jikin taraktar. Gangar injin da gidan giya zubin ƙarfe ne, wuta tana tsaga su. Leƙa gefen shasi, za ka ga ramuka masu zare da kamfani ya bari don loda ko nauyin gaba, galibi sun toshe da ƙasa da fenti. A share su, a yanka faranti mai kaurin milimita 10 ko 12 daidai da su, a ɗaure da kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu. Kusar da ba ta da lamba, ta kasuwa ce, bar ta ga masu gado.

Kada a kama aksil na gaba. A tsakiya yake lilo a kan fil guda, kuma ba a yi shi don karɓar duka ba. Kada kuma a dogara da ƙarfen hanci inda batir yake zaune. Abin da ya fi shi ne a ja ƙarafa biyu ta ƙarƙashi har zuwa wajen maƙalar tirela a baya, yadda duk turin zai sauka a inda taraktar ta fi ƙarfi.

Kafin a ƙone waldar ƙarshe, a ɗiga ta kawai a gwada. Juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka ga ko taya tana gogar ƙarfe. Sa jak ka ɗaga tayar gaba ɗaya, ka ga ko aksil ya sami wurin lilo. Duba ko hannu zai kai ga matacin mai da kusar juye baƙin mai. Akan ga mazauni mai kyau, an yi masa fenti, ranar juye sai an kwance shi gaba ɗaya.

Sai abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Ka kai taraktar kan siminti mai daidai, ka sauke farantin. Ƙarfen da ya haɗa shi da mazauni dole ya kwanta daidai da ƙasa, kada ya kalli sama ko ƙasa. Karkata farantin hagu, ka durƙusa ka duba bakinsa. In ka ga gefe ɗaya ya cije siminti, ɗayan kuma yatsu biyu za su shige ƙarƙashinsa, tsayin mazaunin bai yi ba. A haka zai riƙa yanka kwari a gefe guda yana barin yashi a ɗayan, kuma babu gwanintar direba da za ta gyara shi. A ɗaga ko a sauke ramukan fil har bakin ya kwanta duka.

Waɗannan manyan sifirin na bayansa fa, in cire su?

A'a. A ƙasashen sanyi dusar ƙanƙara tana ɓoye murfin kwalbati da gefen titi. In farantin ya dake su, sifirin ɗin ne ke barinsa ya kife gaba, ya tsallake, ya dawo. Ba don su ba, direba ya sha sitiyari a ƙirji. Yashinmu ma yana ɓoye abubuwa: tsohon tushen gini, bakin pabe, saiwar bedi.

Damuwar ita ce nauyin yashi kaɗai yana iya kifar da shi, sai ka ga yana ta sunkuyawa yana zubar da kaya. Fara da ƙara ɗaure su, akwai noti a ƙarshen kowane. Wasu farantan suna da ramin da ake sa fil a kulle su don aikin ƙasa. In ka kulle, ka san ka cire wa kanka kariya, sai tafiya a giyar farko, kuma a filin da ka taka da ƙafa ka san abin da ke cikinsa. Masu haɗe shi da walda har abada, su ne ke dawowa da shasi a tsage.

Bakinsa na roba ne.

Cire shi. Roba don kada a kankare kwalta aka sa ta, kuma ruwan ƙanƙara ne ke sa ta zamewa. A busasshen yashi cinyewa take yi nan da nan. Sa bakin ƙarfe mai ɗaurin kusa, wanda za a iya juyawa in gefe ɗaya ya ci. Ƙarfen Hardox na ƙasar Suwidin shi ne sananne wajen jure gogayya, amma tsohon bakin gireda da aka yanka daidai faɗi yana yi, kuma ya fi sauƙin samu. A juya shi tun bai cinye har ramukan kusa ba.

Ƙafafun nan biyu masu kama da faifai a ƙasansa, mene ne aikinsu?

Takalma ne, su ke hana baki nitsewa. A kan hanyar jar ƙasa ka sauke su yadda bakin zai tashi da kamar santimita ɗaya ko biyu, don ka kwashe yashi ka bar tsakuwar da aka kashe kuɗi aka zuba. A kan siminti ko pabe ka ɗage su. A rairayi mai zurfi kuwa ƙananan takalman Turai nitsewa suke yi, sai a yi musu faffaɗan tafi da walda.

Lalle ne sai da haidurolik na karkatawa?

Ɗagawa da saukewa dole ne da haidurolik, wato ƙarfin matsin mai. Karkatawa kuwa ya danganta da aikinka. Mai share doguwar hanyar garka, da zai karkata sau ɗaya ya tafi ya dawo, fil na hannu ya ishe shi, kuma ba abin da zai lalace. Mai aiki a tsakar ma'aikata ko tasha, inda ake juyi kowane minti, shi ne zai ji daɗin silinda.

In za ka sa, kana buƙatar ƙarin layin mai guda biyu zuwa gaba. Ko dai a jawo tiyo daga mahaɗan baya in taraktar tana da su, ko a ƙara bawul a kan na loda. Ka tabbata akwai bawul ɗin sassauci tsakanin silindar hagu da ta dama, wanda ke barin mai ya tsere in gefe ya daki abu. A ɗaure tiyo nesa da salansa da taya, a bar masa sakin da zai ishe shi in an ɗaga farantin har sama.

Ƙura ita ce ajalin famfon haidurolik a ƙasar nan. Goge bakin mahaɗi da tsumma mai tsabta kafin ka haɗa, ka rufe shi da murfinsa in ka cire. Kuma kada ka taɓa neman yoyo da tafin hannu. Man yana fita da matsin da ya kai bar 150 zuwa 200 a ma'aunin matsi, yana huda fata ya shiga nama. Ramin kamar na allura ne, mutum ya raina shi, alhali aikin tiyata ne na gaggawa. Sa guntun kwali ka duba.

Ana cewa sai an sa nauyi a baya, da sarƙa a taya.

Sarƙa ta ƙanƙara ce, a yashi ba ta da amfani. Nauyi kuwa gaskiya ne. Farantin yana rataye a gaba, yana rage wa tayoyin baya kamu. Rataya garma ko akwatin siminti a maƙalar baya, ko ka zuba ruwa a tayoyin. A Kanada sai sun haɗa ruwan da sinadari don kada ya daskare, mu wannan bai dame mu ba. A juya taya bakin iska ya koma sama, a cika zuwa nan, wato kashi uku cikin huɗu, sauran iska. Taya mai lamba 11.2-24 tana shan wajen lita 90, ka ga biyu sun ba ka kilo 180 a inda ake bukata. Gara mai tib a ciki, saboda tsatsa.

Yaya ake turin kansa?

Da kaɗan-kaɗan. Yanka santimita biyar, ka tafi, ka dawo. In tari ne babba, kamar wanda iska ke jibgewa a jikin katanga, ci shi daga gefe da rabin faranti. Kada ka ja baya ka taho da gudu ka dake shi, nan ne kuloci da fil da walda suke tafiya.

Kada ka danna farantin har tayoyin gaba su yi sama. Da sun saki ƙasa ka rasa sitiyari, ka rasa rabin jan. A ƙasa mai tauri tura libar har ta shige matsayin da farantin ke bin ƙasa da nauyinsa. A mai laushi kuwa riƙe shi da hannu, don in ka sake shi nitsewa zai yi.

Lokaci ma yana da nasa. Yashin da ƙorama ta zubo, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa ya fi daɗin aiki: ƙasa ta ɗaure, taya tana kamawa, ba ƙura. Ranar ruwan ya yi nauyi, bayan mako ya koma gari. Kusa da bakin ƙorama kuwa a yi nesa, gaɓar da ruwa ya ci ta ƙasa tana rushewa ba sallama. In taraktar tana da ƙarfen kariya a saman kujera, a tashe shi, a ɗaura bel. Yaran unguwa kuma, da ba sa jin ƙarar tarakta su zauna, a sa babba ya kore su kafin a fara.

Injin yana zafi tun da na ɗaura shi.

An ƙera kayan ne don aiki cikin sanyi, kai kuma kana yi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, a giyar ƙasa, iska ba ta bugun hanci, ƙurar da farantin ya tayar kuma lagireto ne ke shaƙarta. Hure ragar gaba da lagireto kullum, daga ciki zuwa waje. Duba matacin iska kowace safiya a lokacin hunturu da bazara. Masu giyar mai, wadda ake takawa gaba da baya ba kuloci, suna da ƙaramin lagireto na biyu, shi ma yana toshewa. Ka duba kuma ko mazaunin da aka ƙera bai rufe hanyar iska ba. Aikin safe da na la'asar ya fi.

Zan sayi na hannu. Me zan duba?

Tsatsa tukuna. A ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a hanya, kuma farantin a cikinsa ya yi rayuwarsa. Sabon fenti ba shaida ba ne. Ƙwanƙwasa ƙasan farantin da bayan haƙarƙari da guduma, inda ya ruɓe sautinsa daban ne. Kama gefe ɗaya ka girgiza, in babban fil na tsakiya yana rawa, ramin ya buɗe. Zaro sandar silinda ka shafa: in ta yi ƙuraje za ta cinye roba ta fara yoyo. Tsaya a gefe ka kalli bakin, ko ya yi baka.

Lissafa da kuɗin hanya. Bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome, tafiya ta ƙara tsawo, ga duwan. Faranti marar mazauni, mai bakin roba, mai siririn ƙarfe, in ka tara abin da za ka kashe a kansa, sau da yawa gara ka sayi ƙarfe a ƙera maka gajere mai kauri a gida. Wanda ya zo kyauta tare da tarakta, wannan a gyara shi a mora.

Zai daidaita mini fili don albasa?

Sama-sama. Masu albasa a Galmi da kwarin Magiya suna son fangali da ruwa zai kwanta daidai, kuma farantin gaba bai iya wannan ba: duk ramin da tayar gaba ta faɗa, farantin ya bi ta ya yanka wani. Na baya, musamman mai kamar akwati, ya fi shi nesa. Na gaba ya tura tudun zuwa kwari bayan garma ta fasa ƙasar, na baya ya gyara, hauya ta ƙarasa. A fako mai tauri kuma, irin wanda ake haƙa wa ramukan tara ruwa na rabin wata da tassa, ko kusa kada ka kai shi.

Zan iya share titin unguwarmu?

Yi magana da mai unguwa da ma'aikatar magajin gari tukuna. Bututun ruwa na gidaje a unguwanni da yawa ba su da zurfi, wasu ma ruwan sama ya riga ya tone su. Ka kuma san inda za ka kai yashin. In ka jera shi a bakin lambatu, ruwan farko zai maida shi ciki, in ka tara shi a ƙofar maƙwabci ka toshe wa ruwansa hanya, shari'a ce.

An gama ɗaurawa. Sai me?

Yi aikin awa ɗaya marar nauyi, ka tsaya, ka sauke farantin ƙasa, ka kashe injin, ka bi kusoshin mazauni ɗaya bayan ɗaya da sifana. Za ka tarar wasu sun saki. Maimaita bayan yini guda na aiki, daga nan duk mako. Ja layi da fenti daga kan kowace kusa zuwa jikin ƙarfe, in ta motsa ido zai gani. Giris a fil na tsakiya kaɗan ake sawa, a goge wanda ya fito waje, don yashi yana manne masa ya riƙa cin ƙarfen. In za ka shiga ƙarƙashi kuma, a tokare farantin da katako, kada a bar shi a rataye kan haidurolik.